Iskar da Na Gada

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba, kuma ban taɓa iyawa ba. Ko a kan keken ɗinki, inda sana'a ta ɗaure ni, ƙafata ce kawai take kan aiki, kunnena yana sama. Da na ji rugugin jirgi ya taso daga arewa, sai in bar allura a tsakiyar wuyan riga in fita bakin shago in ɗaga kai. Matan Gyadi-Gyadi da suke kawo mini ɗinki sun saba. Wata takan ce, "Ku ƙyale ta, mijinta ne yake wucewa," sauran su kwashe da dariya. Ni ko a jikina, sai jirgin ya ɓace mini nake dawowa.

Babana ne ya ɗora ni a kan wannan hanya. Ma'aikacin gwamnati ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa shiga jirgi ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma ya fi son jirgi a kan tuwo. Ina ƙarama yakan goya ni a babur ranar Asabar, mu tafi can wajen hanyar filin jirgi, inda aka ajiye wani tsohon jirgin soja da ya daina tashi. Fentinsa ya koɗe, tayoyinsa sun sace. Baba ya tsaya daga bayan waya ya yi ta nuna mini, ga fiffike, ga wutsiya, ga inda matuƙi yake zama a rufe shi da gilashi. Wannan kujera guda ita ta fi tsaya mini a rai. Wato akwai mutumin da ya taɓa zama a cikinta shi kaɗai, Kano duka tana ƙarƙashinsa. In mun dawo gida nakan kasa cin abinci.

Bayan rasuwarsa, da babbar waya ta shigo hannuna, sai na gano ashe duniya cike take da irinmu. Akwai ƙasashen da mutane suke gyara tsofaffin jiragen yaƙi masu farfela a hanci, su goge su tas, su fito da su tsere, suna kewaya dogayen turaku ƙasa-ƙasa, fiffike ɗaya yana kallon ƙasa ɗaya yana kallon sama. Ina kallo ina karkata jikina tare da su. A irin wannan kallo na taɓa ɗinke hannun rigar wata Hajiya ruf, ta zura hannu ya ƙi fita. To amma jirgin tsere ba abin da tela za ta ƙera a gida ba ne. Abin da ya kama ni da gaske shi ne manyan balan-balan ɗin nan da suke tashi da zafin wuta, da kwando a ƙasa mutane a ciki. Na duba, na sake dubawa, na ga ai ɗinki ne. Falle-falle aka yanka aka haɗa, kamar siket mai buɗewa, sai a cika shi da iska mai zafi, ita kuwa iska mai zafi ba ta da aiki sai hawa sama.

Sai na ce ni ma zan yi ɗan ƙarami. Wata maƙwabciyarmu 'yar kudu tana da shagon kayan ƙawata wurin biki a Unguwa Uku, ita ta ba ni takarda mai shara-shara, irin marar nauyin nan. Ja da baƙi suka rage mata, su na karɓa. Na yanka, na manna da gam, na yi masa baki da siririyar waya. Na farko ya ƙone, na biyu ma haka, har da gefen ɗankwalina. A hankali na gane ba sai na haɗa shi da wuta ya tafi da ita ba, balle a unguwa irin tamu da gida yake jingine da gida. Gawayi nake hurawa a kurfoti, in kifa dogon gwangwani da na fasa gindinsa, zafin ya bi ta ciki ya cika balan-balan ɗin, in ɗaure shi da zare mai ƙwari in sake shi. Baba ya zuba wa ɗakunanmu rufin kankare da niyyar ɗora bene, Allah bai nufa ba. Wannan rufin ya zama filin jirgina.

Babbar abokiyar gabata ita ce iska. Abu ne na takarda, ko ɗan kaɗawa aka yi sai ya lanƙwashe ya taɓa gwangwani ya kama da wuta. Ba ya yiwuwa sai garin ya yi tsit, kuma hakan ba ya samuwa sai bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Saboda haka maganar iska ta zama ita ce gaisuwar safe a gidanmu. In na sauko da fara'a, Inna, wato mahaifiyata, ta san ta kwanta. In na sauko ina tsaki, ba sai ta tambaya ba. Ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ita ma ta koyi yaren.

A wannan tsakanin ne wani malamin makaranta daga Tarauni ya fara nemana. Mutum ne mai sanyin hali, magana ɗaya sai ya juya ta a baki kafin ya fitar, ni kuwa kafin ya gama jimla na yi uku. Wataƙila shi ya sa na so shi, in ina kusa da shi sai in ji na ɗan lafa. Ya san da zancen balan-balan, na nuna masa a waya, ya yi murmushi ya ce, "Ke kam!" Maraya ne, ƙanwar mahaifinsa ce ta raine shi, kuma abin da Gwaggon nan ta ce a gidansu shi ake yi. Magana ta yi nisa, har an sanar da Baffana da ke Hotoro cewa manya za su zo neman aure. Na so auren nan, ba zan ɓoye ba. Na gaji da ɗinka wa ƙannen bayana kayan biki.

Kowa ya san ba a neman aure sai an yi bincike, kuma kowa ya san yadda mata suke yin nasu. Wata safiya a ƙarshen damina, wata dattijuwa ta yi sallama a gidanmu da atamfa a leda, wai an yi mata kwatancen tela, ta ga shago a rufe. Gwaggo ce. Inna ba ta taɓa ganinta ba, ta shimfiɗa mata tabarma. Ni ina sama, tun asuba nake fama, iska tana yi mini wasa da hankali, ta ɗan lafa in ɗaga, ta dawo in sauke. Hirar da suka yi daga baya na ji ta, daga bakin Inna da kuma daga can ɓangaren, kuma duka biyun sun zo ɗaya.

Baƙuwa ta tambaya ina telar.

"Tana sama," in ji Inna. "Tun asuba take can tana jiran iskar ta kwanta."

Baƙuwa ta ɗaga kai. Ga hayaƙi yana tashi daga rufi, ga wani abu ja da baƙi yana rangaji.

"Iska kuma, Hajiya?"

"Wallahi kuwa. Ai in ta tashi sai haƙuri. Yini za ta yi tana ƙunci, ko abinci ba ta ci, kowa ya yi mata magana ta hau shi da faɗa."

"Subhanallahi. Tun yaushe take fama?"

"Tun tana 'yar mitsitsiya. Wajen ubanta ta gada, shi ma haka ya yi ta yi har ya rasu."

"Ba ku nemi taimako ba?"

"Wane taimako, Hajiya? Abin da yake cikin jini? Mun dai zuba wa sarautar Allah ido."

Ana cikin haka na sauko. Iska ta yaga mini falle guda, idona ya yi jawur saboda hayaƙi, hannuna baƙi ƙirin, ɗankwali ya karkace, ina tafe ina magana ni kaɗai. Na gaishe ta sama-sama, na ce ta kawo atamfar in gani. Matar nan ta ƙanƙame ledarta, ta ce ta tuna ba ta taho da rigar gwaji ba, za ta dawo. Har ta manta ba ta yi wa Inna sallama ba. Muka bi ta da kallo, Inna ta ce, "Wannan kuwa lafiyarta?"

Bayan kwana kaɗan saƙo ya je Hotoro cewa a ɗan dakata da zuwan manya. Ba a faɗi dalili ba. Malamin da yake zuwa zance duk Juma'a da Lahadi bayan la'asar ya ɗauke ƙafa. In na kira, sai ya ce yana cikin aji, ko yana masallaci, ko zai kira ni. Ban san irin zaman da na yi a kwanakin nan ba, don ban zauna ba. In buɗe shago, in rufe, in taka har bakin Titin Zariya in tsaya ina kallon motoci kamar mai jiran baƙo, in dawo. Na yanka yadin mutane ba daidai ba. Na binciki kaina ciki da waje, me na yi, me na ce, wa ya kai sukata. Har maƙwabciyarmu mai takarda na zarga a raina, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ran nan da yamma sai ga malamin a bakin shago, yana tsaye yana murza hularsa. Na ce ya faɗa mini kawai, kada ya tauna.

"Gwaggo ta ce kina da iska."

"Ina da me?"

"Iskokai. Ta ce ta zo gidanku, Inna ta faɗa mata da bakinta. Wai gado ne."

Sai a lokacin abin ya haɗu a kaina, dattijuwa, atamfa, rigar gwaji. Dariya ta kama ni har na dafa keke. Na yi ta yi har hawaye, shi kuwa yana tsaye bai ko murmusa ba, sai dariyar ta tsinke mini.

"To kai me ka ce mata?"

"Na ce mata balan-balan ne. Ta ce eh, ai haka suke, kowanne da abin da yake so a ba shi. Wani turare, wani jan ƙyalle, naki kuma balan-balan." Ya sunkuyar da kai. "Ta ce in dai ina so, sai an yi miki ruƙiyya tukuna. Ki daure a yi mana. Karatu ne fa, me zai rage ki da shi?"

Karatu ba ya rage kowa, wannan na sani. Amma in na zauna aka yi mini, na amsa ke nan. Tarauni kaf za a san ni da amaryar da aka cire wa aljanu. Ranar da na yi ciwon kai a gidan, a ce sun dawo. Ranar da na ɗaga murya, a ce ba ita ba ce. 'Ya'yan da zan haifa su ma a yi musu binciken da zai biyo ta kaina, har ya kai kan Babana da yake kwance a kabarinsa bai ji ba bai gani ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona mini rai.

Da na gaya wa Inna, ta ɗora hannu a ka ta yi ta salati, ta yi kuka ta ce ita ta kashe mini aure da bakinta. Na ce to ta shirya mu je ta warware. Nan ta share hawaye ta ce Allah ya kiyaye, uwar mace ba ta zuwa gidan miji roƙo, sai ka ce ta gaji da 'yarta. Na ce Baffa fa? Ta ce maza ba sa shiga irin wannan, kuma me zai ce, shi da bai taɓa hawa rufin ba? Kowa yana da dalilinsa na zama, ni kaɗai ce ba ni da shi.

Budurwa ba ta zuwa gidan saurayi kafin aure, balle da sassafe, balle da kurfoti. Na san wannan sarai. Na liƙe fallen da ya yage, na naɗe balan-balan ɗin a cikin zani, na ƙulla gawayi a leda, na kira malamin na ce gobe ya tsaya a gida. Da na idar da sallar asuba na leƙa waje, ko ganye ba ya motsi. Na tari adaidaita. Duk hanya idona yana kan ledojin da suke gefen titi, ina duba ko sun fara tashi. Muka wuce kasuwar Tarauni masu kayan miya suna ta sauke kwanduna, ni kuwa ina ce wa mai adaidaita ya ƙara wuta, har ya waiwayo ya tambaye ni ko haihuwa ce.

Na sami Gwaggo a tsakar gida a kan darduma da carbi a hannu. Ta gan ni, ta ga kurfoti, ta ga jan abu yana leƙowa daga cikin zani. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gwaggo, iskar na kawo miki ki gani."

Ta janye ƙafafunta ta fara a'uziyya.

Na ga baki ba zai yi mana rana a wannan magana ba. Na hura gawayi, na kifa gwangwani. Malamin ya fito cikin shirin makaranta, na sa shi ya hau kan turmi ya riƙe mini saman takardar. Na roƙi Gwaggo ta miƙo hannu daga nesa ta ji abin da yake fitowa daga bakin gwangwanin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo.

"Zafi ne," ta ce.

"Shi ke nan iskar, Gwaggo. Wannan ita nake so. Wadda nake jira ta kwanta kuma ita ce ta gari, mai kaɗa shanya."

Takardar ta fara kumbura. Lanƙwasar jikinta ta miƙe ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya da kanta, na ce masa ya saki. Zuciyata kamar ta fito, don ko ɗan huci aka yi daga kan katanga, na kaɗe. Na riƙe bakin har na ji yana neman ƙwacewa, sannan na buɗe hannuna. Ya tashi a hankali, ya wuce igiyar shanya, ya wuce katanga, ya wuce kan darbejiyar maƙwabta, har ya kai inda rana ta riga ta iso, jan ya haska. Na sha ganin wannan, amma kullum sabo yake zame mini.

Da na waiwayo, Gwaggo tana tsaye, carbi ya zame mata zuwa gwiwar hannu. Na miƙa mata zaren. Ta karɓa da yatsa biyu kamar mai karɓar allura.

"Kai! Yana ja!" Ta yi wata dariya da ban zaci tana da ita ba. "Wallahi ja yake, 'yar nan!"

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Da gaske akwai manya da mutane suke shiga? To in sun hau ta yaya suke saukowa? Ba sa jin jiri? Tsohuwa kamarta za a bar ta ta shiga? Ina ba ta amsa ina rawar jiki, ban taɓa samun wanda ya yi mini irin waɗannan tambayoyi ba tun rasuwar Baba. Can ta ce, idonta yana sama, in yafe mata, ta ɗauki alhakina da na mahaifina, kuma yau ɗin nan za ta aika Hotoro a sa rana. Na ji wani sanyi ya sauka mini tun daga ka har ƙafa.

Malamin ya sauko daga kan turmi yana kakkaɓe hannun rigarsa. Shi ma ya ji daɗi, fuskarsa ta nuna.

"Kin gani ko, Gwaggo? Wasan yara ne kawai. Kuma ki kwantar da hankalinki, da an ɗaura aure duk za ta watsar. Ina ma za ta ga lokaci?"

Gwaggo ba ta ko ji shi ba, tana can tana sakin zare. Ni na ji. Na dube shi, agogonsa yake dubawa.

Iskar ciki ta huce, balan-balan ya sauko, na naɗe shi. Gwaggo ta cika mini leda da dabino ta ce in gaida Inna. Malamin ya rako ni zaure ɗauke da kurfotin, ya riƙe shi nesa da rigarsa. A nan na tambaye shi, maganar da ya yi, don Gwaggo ya faɗa ko har zuciyarsa.

"Har zuciyata mana," ya ce, da murmushinsa mai kyau, ba da wata mugunta ba. "Ai ni haƙuri nake ta yi, na san na ɗan lokaci ne. Matar aure da hawa rufi? Ke kanki ba ki gaji ba?"

Ban gaji ba. Na so in ce masa haka, na so in yi faɗa kamar yadda na saba, amma sai kawai na miƙa hannu na karɓi kurfotina. Mutumin kirki ne, har gobe ba zan fasa faɗa ba, kuma ina sonsa a lokacin nan da yake tsaye yana tare mini adaidaita. Sai dai duk watannin da na yi ina ganin ya karɓe ni yadda nake, ashe jira yake in warke. Tsohuwar da ta ce ina da aljanu ta fi shi ganina.

Na sami Inna a bakin ƙofa, ko mayafin sallah ba ta cire ba tun fitata, tana ta leƙe.

"Yaya? Ta yarda?"

"Ta yarda. Ta ce yau za ta aika wajen Baffa."

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye yana zubo mata. Rabon da in ga irin wannan farin ciki a fuskarta tun Baba yana da rai. Ta shiga ɗaki da sauri ta ɗauko waya za ta kira ƙanwarta ta yi mata albishir. Na ajiye kurfoti, na bar ta ta gama hamdalarta, sannan na riƙe hannunta na ce Baffa za ta fara kira, ta ce masa in sun aiko ya ba su haƙuri.